Ba a Duba Ƙurji da Kunne

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa tuwo a bakin titin Gauraka, ban taɓa komawa gida da ragowar malmala ba sai a daminar 1996. Direbobin Kaduna, makanikai, ma'aikatan Abuja masu sauka su ci kafin su ƙarasa Suleja, kowa ya san rumfar Inna Laraba. Sai aka wayi gari bencina wayam, alhali miyata ba ta canza ba. Wayar tarho ce ta kore mini mutane.

Abin ya fara da zafi a haƙarƙarina na dama, kamar an manna mini garwashi. Bayan kwana uku ƙuraje masu ruwa suka feso, suka yi layi tun daga tsakiyar bayana, suka zagayo har ƙarƙashin nono. Ko zani ne ya gogi wurin sai na ciji leɓe. Abinci ya fita raina, na zabge. Maƙwabciyata ta ce gizo-gizo ne ya yi mini fitsari, ta kawo wani gari na kwaɓa na shafa, a banza.

Ɗana na fari akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, yana haya a Suleja da iyalinsa. Magaji nake ce masa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kama sunansa na yanka ba, haka aka tashe mu a Zazzau, ɗan fari kunyarsa ake ji. Kullum da la'asar sai ya sauka a rumfata ya ci tuwo kafin ya wuce gida, matarsa ta yi mita har ta gaji. Shi ya lura ina tuƙi ina runtse ido, ya matsa sai na faɗa masa abin da ke damuna. Na ce ƙuraje ne. Ya ce a ina.

To, ku faɗa mini, uwar da ba ta iya kama sunan ɗanta, da wane baki za ta ce masa ƙarƙashin nono? Na kau da kai, na ce nan da can ne, a baya da hannu. Ƙarya ce na yi, kuma ita ta ci ni.

Magaji ya ce ba sai na wahala a layin asibiti ba, yana da aboki likita a Kaduna, Dokta Bamalli, tare suka yi sakandare. Zai buga masa waya kawai ya faɗi magani. Zamani ya zo, in ji shi, ba sai an ga mutum ba. Ya tafi shagon Chinelo da ke kusa da tashar mota a Suleja, inda mutane ke bin layi su buga waya. Wanda ya san wayar lokacin ya san sai an ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi.

Ban je ba. Chinelo ce ta zo har rumfa washegari ta ba ni labari, don mai cin tuwona ce, kuma abin ya dame ta. Ta ce likitan ya tambaya ko ƙurajen gefe ɗaya suka yi layi, Magaji ya ce a'a, a warwatse suke, hannu da baya. Ya tambaya ko na rame, ya ce ƙwarai. Ya tambayi mijina, Magaji ya ce direban babbar mota ne, ya rasu bara waccan bayan doguwar jinya. Ciwon sukari ne ya kashe maigidan nawa, amma wa ya tsaya faɗin wannan? Daga nan likitan ya ce ba zai iya yanke hukunci bai gani ba, a kai ni a duba, kuma a auna jinina ko da ƙanjamau ne.

Ɗana mai ilimi, a gaban mutum goma sha, ya kware baki ya ce, "Ƙanjamau, Dokta? Innar tawa?"

A cikin layin akwai Lukuman, makaniken da garejinsa ke kallon rumfata, wanda ba a taɓa jin sirri ya kwana a cikinsa ba. Kafin azahar ta washegari duk Gauraka ta ji. Mutanen da na ciyar shekara da shekaru suka riƙa wucewa suna gaishe ni daga nesa, wasu ma gaisuwar ta gagare su. Wata mai abinci da ke gaba da ni ta ƙara benci biyu.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya mini zuciya shi ne Magaji. Ya sauka da la'asar kamar kullum, na zuba masa tuwo da miyar kuɓewa, ya tsaya a tsaye ya ce ya ci a ofis. Washegari ma ya ci a ofis. Rana ta uku ya zo da shawara, wai in rufe rumfar in koma wurin ƙanwata a Maje har maganar ta lafa. Yana magana yana kallon takalminsa.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Na ce masa ba inda za ni. Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba, ba zan gudu in ɓuya a ƙauye don wani mutum da bai taɓa ganin fuskata ba ya duba ni da kunne daga Kaduna. Rumfa kuma ba zan rufe ba, ko awakin maƙwabta ne za su cinye tuwon. Su kuwa suka ci, kwana huɗu a jere.

Ranar Litinin na shiga mota ni kaɗai na tafi asibiti a Suleja. Na yanki kati, na bi layin nan da aka ce ba sai na bi ba, tun hantsi har azahar. Likitan da na samu sa'an Magaji ne, wataƙila ma bai kai shi ba. Ya ɗauki biro ya fara tambaya, Mama yaya suke, Mama a ina suke. Na ce masa ya ajiye biron, an riga an duba ni da tambaya, ga inda ta kai ni. Idonsa na kawo wa aiki. Ya kira wata nas ta tsaya, ni kuma na rufe ido na ɗaga rigata.

Wallahi bai yi minti guda ba. Ya zagaya bayana, ya dawo gaba, ya nuna wa nas ɗin yadda layin ya tsaya cak a tsakiyar baya, ya kuma tsaya a tsakiyar ƙirji, bai ƙetara hagu ba. Ya tambaye ni ko na yi ƙarambau ina yarinya. Na ce na yi, har da tabo a goshi. Ya ce to shi ne, ƙarambau ba ya barin jiki, kwanciya yake yi a jijiya, idan shekaru suka ja ko wahala ta yi yawa sai ya farka ya bi jijiya ɗaya a gefe ɗaya. Ya yi mini faɗa a kan jinkiri, ya ce da a kwanakin farko na zo da zafin bai kai haka ba.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wani lokaci ciwon yakan fito wa masu ƙanjamau, amma a shekaruna ba abin mamaki ba ne ga mai lafiya ƙalau. Ya ce ko mai ƙanjamau ɗin ne ya tuƙa tuwo, ba a ɗauka a kwano. In ina son a auna jinin, ra'ayina ne. Na miƙa masa hannu tun bai rufe baki ba. Bayan mako guda na koma, aka ba ni takarda, babu komai a jinina.

Da takardar zan iya zagaya Gauraka ina nunawa gareji-gareji, amma ni ba mai talla da mutuncina ba ce. Inda aka ɓata ni, nan za a wanke ni. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da layin shagon Chinelo ya fi tsawo, na sa Magaji a gaba muka je. Chinelo na ganina ta ce wa na kan layi su yi haƙuri, ta juya lambar da kanta ta miƙo mini. Ban taɓa riƙe kan waya ba sai ranar, har sai da ta gyara mini shi don na kifa shi a juye.

Da na ji muryar Dokta Bamalli na ɗaga tawa yadda na bakin tasha ma za su ji. Na ce, "Dokta, Laraba ce, uwar abokinka. Ƙurajen nan gefe ɗaya suke, na dama, daga tsakiyar baya zuwa ƙarƙashin nonona. Kunyar ɗana ta sa na ɓoye. An gani da ido, an ce ƙarambau ne ya farka. An auna jini, ga takarda a hannuna, lafiyata lau."

Magaji ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ni ma kunyar ta kama ni har tafin ƙafa, amma ban sassauta murya ba.

Likitan, Allah ya ba shi lada, bai yi gardama ba. Ya ce da an faɗa masa gefe ɗaya ne da tun ranar ya yi zargin hakan, amma ko da haka sai ya ce a kai ni a gani, kuma ai ya faɗa. Ya ba ni haƙuri. Na ce na haƙura, rabin laifin nawa ne, amma nan gaba idan zai ambaci babban ciwo ya fara tambayar mutum nawa ne ke tsaye a bayan mai wayar.

Daga nan Gauraka muka wuce. Na hura wuta, na tuƙa tuwo, na kaɗa kuɓewa, haƙarƙarin yana zugi ina yi. Lukuman da mutanensa suna hayin titi, sun bar aikin gabansu suna leƙe, don labarin wayar ya riga mu isowa. Ban ko kalle su ba. Su in sun ga dama su dawo, in ba su ga dama ba titi na da faɗi.

Magaji yana tsaye a gefen rumfa inda ya saba tsayawa kwanakin nan, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya fara cewa Inna ki yafe mini, na ɗaga masa hannu. Ba haƙuri nake nema a wurinsa ba. Na zuba malmala biyu, na sa masa tantaƙwashin da yake so, na dire kwanon a tsakiyar benci inda duk mai wucewa zai gani. Na ɗago na dube shi ido cikin ido, abin da ban yi ba tun yana goye.

Na ce, "Haruna, zo ka ci."

Shekara talatin da huɗu bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ya zauna, ya jawo buta ya wanke hannu, hawaye na ɗiga a cikin miyar, ya cinye tas. Da ya gama ya turo mini kwanon, na ƙara masa.