Gyaran Injiniya

Layin da ke kan allon kwamfutar ya tsaya a kashi sittin da uku, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ta sake duba agogo. Hutun rabin awa aka ba ta a kantin maganin da take aiki, ga shi ta cinye minti hamsin a tsaye, ƙafafunta sai zugi suke.

"Anti, daina kallonsa, kunya yake ji," in ji mai gyaran, wanda duk layin 'yan waya ke kira Injiniya.

Ko murmushi ba ta iya yi ba. Ta gaji.

Gem ɗin da ta kawo gyara na'urar wasa ce ta hannu, ta yayanta. Kafin ya yi tafiya ya sa an buɗe shi yadda zai riƙa karɓar wasanni daga katin memori. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, likita ya ce a samo abin da zai riƙa motsa masa yatsun hagu. An ba shi ƙwallon roba, ya wurga ta bayan gado. Gem ɗin kaɗai ya karɓa, saboda wani ɗan mutum mai fitila da ke son haye gadar igiya. Wata biyar ke nan Baba yana faɗawa ruwa, ya zagi ɗan mutumin, ya sake farawa, har babban yatsansa ya soma jin magana. Sai a satin nan wasan ya fara daskarewa a tsakiyar gadar.

"Afdet ne babu, wato sabon zubin wasan," in ji Injiniya. "Bi da bi ake yi: wasan, sai afdet, sai ƙarin matakai. In ya nemi sabunta kansa ta intanet ki ce a'a, in ba haka ba ya rufe ruf."

Layin ya cika. Ya zare katin daga kwamfuta ya mayar.

"Na kwafe inda mai wasan ya tsaya a da, yana cikin kwamfutata, in zan rufe shago ƙarfe bakwai nake share irinsu. Kuma na yi miki gyara."

"To ai gyaran na zo yi," ta ce, ta karɓa ta wuce.

Ƙarfe shida ta isa gida bayan mota biyu. Ta miƙa wa Baba gem ɗin, ta zube a kujera ta cire takalmi. Ya gyara tabarau, ya tallabo hannun hagu da na dama ya ɗora a kan maɓalli. Sai ya ƙura wa allon ido.

"Wa ya haye min?"

Ta leƙa. Ɗan mutumin yana tsallaken gada sanye da sabuwar riga, duk ƙofofin wasan a buɗe, an cinye komai. Sai a lokacin ta gane irin gyaran da Injiniya yake nufi, irin wanda mai tumatir ke ƙara wa mai saye. Ranta ya ɓaci, ta rasa wanda za ta ji haushi.

"Kyauta aka yi maka, Baba."

"Na gode musu."

Ya ajiye gem ɗin a gefen filo. Hannun hagun ya koma kan cinyarsa, yatsun suka dunƙule kamar yadda suke a watan farko.

Ta dubi agogo. Shida da kwata. Ta sunkuya ta jawo takalmin, wanda ko hucewa bai yi ba.

"Ina kuma za ki, yanzu da shigowarki?"

Ta ɗauki gem ɗin ta jefa a jaka.

"Zan je in mayar da kai bakin ruwa."