Gishirin Malam Maccido

A Illela ba a shinshina sabulun ruwa, da yatsa ake gwada shi. Mai saye zai tsoma, ya ɗaga. In ya zubo a hankali kamar zuma, to mai kyau ne. In ya tsiyaye, an yi algus. Ko kumfarsa za ta kai rufin ɗaki, magana ta ƙare.

Mu'minat ta san haka sarai. Shekara huɗu tana karatun sinadarai a Sakkwato, ta dawo gida ba aiki. Da ƙyar mahaifinta Malam Maccido ya ba ta aron shagon baya, inda yake ajiye albasa, da sharaɗi guda: in Alhaji Maharazu, babban dillalin Ƙwanni, ya karɓi kayanta, shago ya zama nata, in ya ƙi, albasa ta koma mazauninta.

Ta haɗa duro uku da sanyin safiya, suka yi kauri gwanin sha'awa. Sai dai watan Afrilu ne, shagon kuma rufin kwano. Kafin azahar sabulu ya saki.

Malam Maccido ya tsoma yatsa, fuskarsa ta canza. Ya ce a ƙara gishiri, ai kowa ya san gishiri ke kawo kauri. Mu'minat ta yi masa bayani cikin ladabi: ƙwayoyin sabulun suna haɗuwa ne su zama dogayen zaruruwa masu sarƙewa, sarƙewar ce kaurin. Zafi yana tsinka su, sanyi ya sake ƙulla su. Gishiri kuwa yana taimako zuwa wani matsayi, ita kuma ta auna ta kai shi daidai can. Da an wuce, sai ruwa, kuma ba ya dawowa.

"Baba, don Allah kar a taɓa shi. Buhu za ni jiƙa in lulluɓe."

Ta tafi neman buhunan. Malam Maccido mutum ne mai son 'yarsa, wannan ba shakka, amma shekara talatin yana kasuwa, ba ya jin akwai abin da takarda za ta koya masa.

Alhaji ya iso bayan la'asar. Durukan sun huce ƙarƙashin jiƙaƙƙun buhuna. Mu'minat ta buɗe na farko. Ruwa ne tsululu, fari-fari, wani abu na yawo a sama. Na biyu haka, na uku haka. A bayan ƙofa ta hango kwanon awo, da ragowar gishiri manne a gindinsa.

Alhaji ya tsoma yatsa, ya yarfe, ya goge a gefen duron.

"Malam Maccido, wagga ita ce ɗiyar da kac ce ta yi jami'a? Mi anka koya mata?"

Malam Maccido ya dubi 'yarsa, idanunsa sun kaɗa. Kalma ɗaya za ta wanke ta, kuma kalmar za ta tsiraita ubanta gaban abokin cinikinsa na shekara ashirin.

"Ni na ɓata awo, Alhaji," in ji ta.

Washegari da hantsi ana shigo da albasa. Tana kwashe kayanta ta ci karo da 'yar kwalbar sabulun da ta ɗiba jiya kafin azahar, ta ajiye gindin randa. Ta juya ta. Sabulun ya gangaro a hankali, kamar zuma.

Malam Maccido yana tsaye bakin ƙofa, ya gani. Ya juya ya ce wa masu dako su yi hankali da buhunan.