Shekarun Aro

Bizar da ta kawo ni Makka ta wata uku ce, irin wadda ake ba ma'aikatan lokacin Hajji. Fiɗa na zo yi. Gidanmu a Gusau gidan fawa ne, tun ban kai tsawon teburin nama ba na iya feɗe rago, don haka da aka ce wani kamfani yana neman mahauta a mayankar hadaya, ba wanda ya yi mamakin ganin sunana. Kwana huɗu muka yi ana turo mana raguna ba tsayawa. Da aka gama, hannuna ya yi mako guda ba ya dunƙuluwa.

Amma ni a raina ba wuƙa ce ta kawo ni ba. Karatu nake so. Na ji ana ba baƙi gurbi kyauta a jami'a, a fara da koyon Larabci, kuma na ɗauka tunda ga ni cikin garin, ai rabin aikin ya ƙare. Har takardun makarantata na taho da su a leda, a ƙasan jaka.

Ran wata Juma'a na baro masaukinmu na Ka'akiyya na tafi Hindawiyya wurin Gwaggo Batulu, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kawo nan shekara talatin da suka wuce. 'Yarta Manar a nan aka haife ta. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da faɗa ba, sauran da Larabci take cikewa, amma in dai batun takardu ne, duk layin wurinta ake zuwa.

Ta karɓi fasfona ta juya shi. "Ya Abdulwasi'u, wannan bizar ba a mayar da ita ta karatu. Abadan. Sai ka fita kafin ta ƙare, ka koma Nijeriya. In an ɗauke ka, daga can za a buga maka sabuwa."

"Ina dalili?" in ji Gwaggo. "Ga mutum ga makaranta, sai a ce ya haye teku ya dawo? Mu a zamaninmu zama kawai mutum yake yi."

"Ummi, wancan zamanin khalas, ya wuce. Ya ƙara kwana ɗaya, sun rufe masa ƙofa."

Wannan bai dame ni ba. Komawa gida ai ba hukunci ba ne. Na ce mu cike takardar neman tun yanzu. Ta jawo kwamfutarta, Gwaggo ta zuba mana shayi.

"Shekarunka nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Mumtaz. Iyakarsu ashirin da biyar."

Ta ɗauki hoton takardar sakandare ta saka. Ta buɗe fasfo za ta kwafi lamba, sai hannunta ya tsaya. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, sannan ta dube ni.

"Nan an rubuta an haife ka dubu biyu da uku. Nan kuma tis'in da bakwai. Wanne ne kai?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Dillalin da ya yi mana hanya a Gusau ne ya ce kamfanin ba ya ɗaukar wanda bai kai ashirin da biyar ba, wai yara yanke hannu suke yi. Ban taɓa yin fasfo ba, don haka abin bai zo da wuya ba. Muka je da Baba aka yi takardar rantsuwar shekaru. Baban ne ya ce a ƙara shida, kada a tsaya a bakin iyaka a jawo tambaya. Ko awa ɗaya ba mu yi ba, har muka tsaya cin ƙosai a hanyar dawowa. A wurinmu shekara abu ce da ake yanka wa takarda daidai wuyanta. Maƙwabcinmu malamin firamare ya yi shekara biyar yana da hamsin da takwas, kowa ya sani, ba wanda ya ce masa kanzil. Mutane ragewa suke yi, ni ne na ƙara, har abokai suna tsokanata da Dattijo.

Gwaggo ta dire butar shayin. "Wane irin tis'in da bakwai? Yaron da na aika wa zamzam ranar sunansa ina da cikinki wata biyar? Ni za a gaya wa shekarunsa?"

Ta shige ɗaki, muka ji tana jan akwati. Ta fito da wani hoto da ya fara ja: Inna riƙe da jariri cikin farin tawul, ga kwanan wata a gefe da 'yan lambobi masu ruwan goro. Ta ce ran Lahadi da ƙafarta za ta raka ni ofishin ɗalibai baƙi. Manar ta rufe kwamfutar a hankali.

Mun je. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ba Gwaggo kujera, ya saurare ta har ta gama, ya karɓi hoton ya duba da kyau. Larabcina bai kai ba, ita ta riƙa mayar mini da Hausa, muryarta tana raguwa.

"Ya ce ya yarda da ni. Ya ce ko fuskarka aka duba an san ba ka kai ba. Amma na'ura fasfo ta sani." Ta saurara. "Na ce to ka koma gida a gyara. Ya ce ranar da ka sauka Jidda an ɗauki zanen yatsunka da ƙwayar idonka, an haɗa su da wannan shekarar. In ka dawo da wata, za su ga mutum biyu da yatsa ɗaya. Ya ce shi ba zai ba ɗansa shawarar ya gwada ba."

Mutumin ya miƙo mini hoton da hannu biyu, ya ce Allah ya musanya da mafi alheri. Na ce amin. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, baƙin ciki ko fushi, ko da haushin Baba ne. Ban ji komai ba. Abin da na lura da shi kawai, sanyin ofishin ya yi yawa, kuma igiyar takalmina ɗaya ta kusa tsinkewa. A tasi Gwaggo ce ta yi kukan, ni ina kallon shaguna.

Saura kwana tara bizar ta ƙare. Na ci abinci, na yi wanki, na sayo wa Inna dabino a Misfala. Baba ya kira ya tambayi batun makaranta, na ce ana kai. Na yi ɗawafin bankwana, mutane gefena suna ta sheshsheka, ni ina ƙirga zagaye don kada in yi kuskure. Ledar takardun na bar ta a kan firjin Gwaggo, ban sani ba ko mantuwa ce.

Ranar tafiya da hantsi motar Jidda ta tsaya a ƙofar masauki. Yunus, shugaban ayarinmu, yana tsaye a bakinta da takarda, yana rubuta waɗanda kamfani zai sake kira baɗi. Da na zo hawa ya tare ni da biro.

"Kai hannunka yana da kyau, sun yaba. In sa ka?"

"Sa ni."

"Shekaru?"

"Ashirin da takwas," na ce.

Ya rubuta bai ko ɗago kai ba. Na hau na nemi kujerar taga.