Ciwon Ne Ke Fita

Likita ta fara warware tsumman da ke ƙafar matata Asta, sai wari ya cika ɗakin. Nas ɗin da ke gefenta ta kau da fuska wajen taga. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam da ledar kwalabe a hannu, ina kallon yatsun nan da suka yi baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Baba, yaushe rabonta da allurar suga?" in ji Likita Khaula. Yarinya ce, ba za ta girmi 'yata Ikilima ba.

"Wata huɗu."

"Wa ya ce ta bari?"

Asta ta buɗe baki za ta kare ni, yadda ta saba shekara ashirin da shida. Na riga ta.

"Ni ne."

*

Ni Maude ba ɗan boko ba ne, aji uku na yi na gudu. Muna zaune a Jiwa, ina gadin wani sito a Idu. Abu ɗaya aikin ya koya mini: inji ba ya ƙarya. In sikelin ƙofa ya faɗi nauyin tirela, to shi ke nan, ko direba ya rantse ya maya.

Shekara uku Asta tana fama da ciwon suga. A asibiti suka ce ta rage tuwon shinkafa, ta riƙe acca da wake da zogale, ta riƙa taka ƙasa da yamma. Duk ta yi. Amma allura na nan, safe da yamma, har cinyoyinta suka yi tabo. Ba mu da firji, a cikin 'yar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi take ajiye ta. Ita ba ta taɓa ƙorafi ba. Ni ne abin ke ci wa rai. Wane irin magani ne wannan da ba ya ƙarewa?

Zacharias, mai kula da kayan sitonmu, shi ya zo gidana ran wata Asabar da akwati. Ya fito da wani inji, ya ba Asta ƙarfe ta damƙe. Allon ya cika da ja da kore, yana ƙara tsit-tsit.

"Oga Maude, ka gani da idonka," ya ce da Hausarsa ta Abuja. "Madam, dauɗa ne ya cika jininsa. Allura kemikal ne. Wannan kuwa ganye ne zalla. Amma a ajiye allura, kada su yi faɗa a ciki."

Ya jera kwalabe uku na kafso da kwalin shayi a kan tabarma.

Da ya tafi Asta ta ce, "Baban Ikilima, mu kai wa likita ta gani mana. In ya so a haɗa biyun."

"Ki kai mata abin da zai kashe mata kasuwa? Ke ba ki ga inji ba?"

"Na ga fitilu dai."

"To ni na ga gaskiya."

Na ɗauki tukunyar nan, na juye abin da ke ciki a masai. Ta bi ni da ido. Sannan ta shiga ta ɗora girki.

*

Ba a yi wata ba ta fara ramewa. Ta shanye ruwa moɗa uku, ta ce maƙogwaronta a bushe yake. Fitsari kuwa ba a magana. Na kira Zacharias.

"Mun gode Allah!" ya ce. "Ciwon ne yana fita, oga. A ƙara kafso ɗaya."

Na ƙara. Duk wanda ya tambaye ni jikin Asta a masallaci, amsar da nake ba shi ke nan: ciwon ne ke fita.

Sai ta taka kututturen masara a 'yar gonarmu ta bayan gida. Ba ta ma ji ba, jini muka gani a tabarma. Ciwon ya ƙi kamewa, ya fara ruwa. Zacharias ya ce dauɗa ce ta sami ƙofa, a fasa kafso a barbaɗa garin a kai. Kullum kafin in tafi aiki nake barbaɗawa da hannuna, in ɗaure da tsumma, har da bisimilla.

"Baban Ikilima, ƙafar nan kamar ba tawa ba," ta ce wata safiya. "Ka bari in je asibiti."

"Kin fiye raki. An kusa gamawa za ki ɓata aiki?"

Ran Laraba da la'asar ta faɗi wajen alwala. Maƙwabta suka sa ta a Keke Napep. Na biya gida na kwashi kwalaben, a asibiti na same su.

*

Likita Khaula ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana karantawa.

"Wannan bitamin ne. Wannan garin zogale. Wannan kuwa ban san abin da ke ciki ba, su ma ba su rubuta ba." Ta ajiye. "Baba, mu ba mu hana zogale ba, mu muka ce ta ci. Da kun kawo, da mun zauna mun ce a sha wannan, a bar wancan. Amma babu wanda zai yi mata aikin allura a cikinsu."

Na so ta yi mini tsawa, in sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Takarda ta miƙo, ta ce ruɓar ta haura idon sawu, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba, ran ne zai tafi. Ban iya sa hannu ba. Nas ta kama babban yatsana ta dangwala a tawada.

Na fita baranda na kira Zacharias.

"Kai, sori oga. Amma akwai wani sabo da ya iso, mai ƙarfi, ko mamana shi yake sha..."

Na kashe wayar. Ban zage shi ba. Har yau yana yawo da akwatinsa, kuma na tabbata ya yarda da abinsa. Ba shi ya ɗauki tukunya zuwa masai ba.

*

Kwana uku da yin aikin, da hantsi, ina zaune a gefen gadonta ina yi mata fifita. Idonta a rufe, maganin barci bai gama sakin ta ba.

"Baban Ikilima."

"Na'am."

"Sosa mini tafin ƙafa. Na hagu. Ƙaiƙayi ya dame ni."

Na dubi zanen gadon. Daga gwiwa zuwa ƙasa a shimfiɗe yake sumul. Nas ta girgiza mini kai daga nesa, alamar haka waɗanda aka yanke wa ƙafa suke yi. Na ajiye maficin, na ɗora hannu a kan katifa, na fara sosawa.

"Ƙasa kaɗan," ta ce.

Na matsa ƙasa.

"Yauwa. Allah ya yi maka albarka."