Faranti Biyu Cikin Takwas

A ɗakin binciken da ke bayan asibiti kowa Mai Reno yake ce mata, har Farfesa, shugaban ɗakin. Shekara ashirin da biyu ta yi tana renon ƙwayoyin jikin mutum a ƙananan farantan roba. Likita zai yanko ɗan fatar mara lafiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ita kuma ta zuba masa jan ruwan da yake ci, ta sa a akwatin ɗumi, ta yi ta lallaɓawa har ƙwayoyin su cika faranti a yi gwaji a kansu. Ƙwayar da ta gagari kowa, in ta zo hannunta sai ta kwantar da kai. Ita ma ta san haka, kuma ba ta jin nauyin faɗa.

Sai aka kawo fatar wata yarinya 'yar shekara shida, wadda zazzaɓi ke kayarwa duk bayan sati biyu, an yi gwajin duniya ba a ga komai ba. Ƙwayoyin suka tsiro, suka yi kwana biyar lafiya lau, a na shida suka mutu. To, a wannan sana'a mataccen faranti abin kunya ne. Ba a nuna shi, ba a rubuta shi a littafi, ruwan wanki ake zuba masa a jefa a kwandon shara. Haka Mai Reno ta yi, ta ɗauko wani kason daga firiza ta sake. Ya mutu, ta jefar. Na uku ma haka, kuma duk ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ranar da Farfesa ya buɗe firiza ya ga saura kwalba ɗaya, a gaban kowa ya yi maganar.

"Mai Reno, ba raini ba, amma hannu yana gajiya. Wannan ta ƙarshen Dogo zai karɓa. Ke kuma daga farkon wata sai ki koma sito, ki huta."

Dogo shi ne abokin aikinta na teburin taga, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ita kuwa ranta ya ɓaci har ba ta ganin gabanta. Sito! Ita ce za ta zauna tana ƙirga safar hannu?

Da yamma ta tarar da maigidanta a ƙofar shagonsa na gyaran agogo. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya miƙa mata ɗan hantsaki da wata ƙusar agogo wadda da kyar ake ganinta.

"Sa min wannan a raminta."

Ta sa, ko gezau hannun bai yi ba.

"To ni dai ban ga tsufa a nan ba. A baki ne ya fara kama ki, mita ta ƙaru."

"Malam, ina cikin wani hali kana min shaƙiyanci?"

"Ina tambaya ne. Agogo in ya tsaya, ni duba yadda ya tsaya nake yi kafin in zagi kaina. Naki yaya suka mutu?"

Gaskiya ba ta duba ba, kunya ce ta hana ta. Amma ido ya gani ko ba a so. Farantin da ƙazanta ta shiga ruwansa gurɓacewa yake yi, na yarinyar kuwa garau yake. Ƙwayoyin kumbura suka yi suka fashe, duk a rana ɗaya. Kuma ta san inda ta taɓa ganin irin wannan mutuwar: a farantan Dogo, lokacin da yake kashe ƙwayoyi da gangan.

Aikin Dogo ke nan. Yana bincike a kan wata ƙwayar gado da ke ƙera wani sinadari a jiki, wanda in cuta ta shiga ƙwayar halitta shi ke ba ta umarnin ta mutu don sauran su tsira. A firij ɗinsa akwai maganin da ke toshe bakin wannan sinadari. Shekara nawa tana zama a kujerar baya a taron ma'aikata ana bayaninsa, ana zaton gyangyaɗi take yi.

Da safe ta shiga ofishin Farfesa ba ta ko ajiye jaka ba.

"Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. A raba kwalbar yarinyar faranti huɗu, a kawo huɗu na ƙwayoyin mutum mai lafiya. Dogo ya goge suna ya sa lamba, rabin kowane ɓangare ya ɗiga wa ruwansu maganinsa, ya ɓoye takardar. Ni zan rena duka takwas ban san wane ne wane ba. In hannuna ne, mutuwa za ta faɗa ko'ina. In jikin yarinyar ne ke ba da umarnin ba gaira ba dalili, biyu kacal za su mutu, nata da ba su sami magani ba."

"In kuma kwalbar ƙarshen ta tafi a banza fa?"

"Da ƙafata zan tafi sito, ba sai an rubuta takarda ba."

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau, sannan ya ce a yi.

Kwana biyar ta yi tana renon farantan kamar 'ya'yan cikinta, tsoro kuwa fal ranta. Dogo ya riƙa yawo da takardar a aljihun gaba, in ta matso sai ya dafe ya ce, "Anti, ja baya, na san halinki."

Rana ta shida da hantsi ɗakin ya cika, har likitar yarinyar ta zo daga cikin asibiti. Mai Reno ta ɗora farantan a madubin gwaji ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Na uku ya mutu murus. Na huɗu, na biyar, na shida suna nan shimfiɗe. Na bakwai ya mutu. Da ta zo na takwas sai da ta goge ido ta sake dubawa, ga su nan da ransu, sun yi ɓul-ɓul.

"Uku da bakwai," in ji ta.

Dogo ya warware takardar ya karanta. "Uku, yarinya, ba magani. Bakwai, yarinya, ba magani. Wallahi Anti, ke ce!"

Ɗakin ya kaure da tafi. Likitar ta riƙe baki, sai kuma ta fita da gudu tana cewa yau za a aika jinin yarinyar a karanta wannan ƙwayar gadon, shekara shida ba su san ko ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Mai Reno ba ta taɓa murnar mutuwar faranti ba sai ranar, daɗi ya cika ta har tana dariya da hawaye. Ta kuma faɗa da bakinta cewa farantai ukun da ta jefar sun ci wa yarinyar sati uku, wannan laifinta ne, ba za ta sake ba.

Farfesa ya matso, ya yi gyaran murya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Maganar sito, a bar ta."

"Ranka ya daɗe, ban ji ba."

"Na ce a bar maganar."

"Ranar da ka ce hannuna ya gaji, har masu shara a baranda sun ji. To su ma suna jiran gyara."

Farfesa ya dube ta, ya dubi ma'aikatansa da ke danne dariya. Sai ya cire tabarau, ya je da kansa ya buɗe ƙofar baranda har bango, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ji! Ni ne na yi kuskure. Hannun Mai Reno lafiyarsa ƙalau!"