Lambobin Da Na Rubuta Bayan Gobara

Rijiya goma sha tara muka toshe cikin mako biyu, saura biyu. Tun da aka daina haƙar kwal a ramin nan aikina ɗaya ne: duk wata uku in zagaya rijiyoyin awo da ke kewaye da shi, in ɗebi ruwa a kwalba, in aika garin Mackay a gwada. Gwamnati ba za ta saki kuɗin jinginar da kamfani ya ajiye ba sai takardu sun nuna ruwan ƙasa bai gurɓace ba, an kuma cika kowace rijiya da siminti. Daga nan ne filin zai koma hannun Noelene Tunks, wadda aka karɓe shi daga hannun mijinta tun yana raye.

Biyun da suka rage suna gefen juna, taku huɗu tsakani. Ta goma sha huɗu mai zurfi ce, tana kaiwa ga jijiyar ruwan da shanun Noelene ke sha. Ta goma sha biyar gajera ce, tuni aka cire ta daga jerin gwaji.

Col Maddern, mai zuba simintin, ya jingina da motarsa yana korar ƙuda da hula.

"Lindsay, auna mini gindin ta goma sha huɗu in san buhu nawa zan kwaɓa. Ka yi sauri, tsoho, kafin rana ta gasa mu."

Na zura igiyar awo. Takarda ta ce mita sittin da biyu. A talatin da takwas dalmar bakin igiyar ta taɓa ƙasa. Na ja, na sake zurawa. Talatin da takwas.

"Ta rufta ne?" in ji Col.

Na buɗe murfin ɗayar, igiya ta yi ta tafiya har sittin da biyu.

Sai na tuna gobarar dajin da ta bi ta nan shekara tara da suka wuce, ta ƙone fentin bututun duka biyun. Ni na dawo da gwangwanin fenti na sake rubuta lambobin, da ka, ban duba taswira ba. Ruwan cikinsu kusan tsayi ɗaya yake, kuma mai ɗiban ruwa ba ya auna gindi sai ranar toshewa. Shekara tara ke nan ina gwada gajerar, ina sa hannu cewa mai zurfin lafiya lau take.

Col ya dubi igiyar, ya dube ni, ya yi dariya mara daɗi.

"Kai, mutumina! Shekara tara kana gaishe da maƙwabciya, matarka na cikin ɗaki."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani." Ya tofar da yawu. "Amma siminti ba ya karatu. In zuba duka biyun, kafin la'asar babu mai iya auna komai. Wataƙila ma ruwan ƙalau yake."

Wataƙilar nan ce ta fi damuna. In ruwan ƙalau ne, maganata za ta jawo wa tsohuwa ƙarin shekara biyu na jira a banza, ni kuma in bar aiki da sunan wanda bai iya rubuta lamba ba. In ba ƙalau ba ne, babu wanda zai sani sai shanu sun fara ramewa, lokacin kamfani ya kwashe kayansa. Ban san wanne ba ne, kuma rashin sanin ni na jawo shi.

Muna tsaye motar Noelene ta iso, kare a baya. Shekararta saba'in da huɗu. Kullum da hantsi takan kawo mana shayi da biredi mai man shanu, ta ƙirga rijiyoyin da suka rage.

"Yau za a gama, samari?"

Col ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta daɗe tana kallon bututun biyu. Sannan ta zuba shayi ta miƙo mini.

"Shekara nawa zan ƙara jira?"

"Biyu. In an sami wani abu, fiye da haka."

"Na riga na sayi turakan shinge, Lindsay. Suna nan jibge a bayan gida."

"Na gani."

"Da ka zuba simintinka ka yi shiru, da na mutu ina sa maka albarka." Ta murza idonta da bayan hannu. "Yanzu ka faɗa mini, ba zan iya mayar da shi cikin bakinka ba. Jikokina ma ruwan nan suke sha in sun zo hutu. Auna, sakarai."

Ta kira karenta ta tafi, ta manta da butar shayin a kan mota.

Col ya fara mayar da buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya, yana ƙunƙuni a kan bayansa da ke ciwo. Na ɗauko kwalba sabuwa, na zura guga cikin rijiyar mai zurfi. Murfinta ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututun. Ruwan ya fito garau, da sanyi. Na rufe kwalbar, na rubuta goma sha huɗu a jikinta, na zauna a inuwar mota in kira ofis.