Gardamarmu da Mai Rediyo

"Ki kashe wannan hayaniyar," in ji Mai Rediyo daga kan katifa, "ko ita ta ƙarasa ni."

'Yarsa ta yi murmushin dole, ta rage ƙarar waƙar zamanin da ke tashi a wayarta. Ina zaune a kujerar roba kusa da ƙafafunsa da suka kumbura. Shagon ɗinkina manne yake da shagonsa na gyaran rediyo, kuma tun gashinmu na baƙi gardamarmu ɗaya ce, a kan mawaƙin da ake wa laƙabi da Mai Jar Riga, wanda ya girgiza duniya muna samari. Shi ya ce baiwar murya ce ta ɗaga shi. Ni na ce muryarsa ba ta fi ta wasu ba, hanya kawai ya buɗe kowa ya bi.

"Bar ta ta kunna," na ce. "Ji yadda yaron nan ke jan ƙarshen baiti. Salon wa ne? Duk mawaƙan yanzu jikokinsa ne, ko sun sani ko ba su sani ba."

"Tela, ƙarar keken ɗinki ta cinye maka kunne." Ya yi tari, ya huta. "Ranar da ya zo babban fili aka ɗauke wuta. Ba lasifika, ba kiɗa. Haka ya ci gaba, kuma har can baya inda muke muna jin sa."

Na sha jin labarin nan har na haddace. Amma ranar sai ya ƙara abin da bai taɓa faɗa ba.

"Uwar wannan tana gefena, ko magana ban taɓa yi mata ba. Da duhu ya rufe, sai ta riƙe min hannun riga."

'Yar ta sunkuyar da kai. Ta daɗe da rasa uwarta. Ta lalubo tsohuwar waƙar da Mai Jar Riga ya rera a ranar a waya, ta kara masa a kunne. Ya lumshe ido har ta ƙare.

"Ba haka take ba, Baba?"

"A ranar ta fi haka." Ya juyo gare ni. "Wataƙila kai ke da gaskiya, Tela."

Mutumin nan bai taɓa sakar min ko kalma ɗaya ba.

"Kada ka soma," na ce. "Ka warke tukuna, mu ƙarasa a bakin shago."

Ya yi 'yar dariya. Bai kai ƙarshen makon ba, da hantsi ya cika, 'yarsa na goge masa goshi.

Bayan an watse zaman makoki, ta buɗe shagon don masu kaya su karɓi nasu. Kowa ya zo ya ɗauka, ban da wata ƙaramar rediyo da ba wanda ya nema. Tana nan kan tebur, bayanta a buɗe, ƙusoshinta a tare cikin murfin kwalba, inda ya ajiye su.